Allon Jika da Carbin Kaka

Carbin Kaka ɗari ba ɗaya ne, amma ɗaya daga cikin 'ya'yansa maɓallin riga ne. Sati biyu da rasuwar mai gidanta zaren ya tsinke mata a kan sallaya, 'ya'yan suka watse, ta zauna tana kallonsu, ko ƙarfin sunkuyawa ba ta da shi. Jikanta, ɗan babban ɗanta, shi ya shigo ya same ta haka. Ya rarrafa ƙarƙashin gado da bayan akwati ya tsinto casa'in da takwas. Na ƙarshen ya ƙi samuwa, sai ya cizge maɓallin wuyan rigarsa ya cike gurbin. Shekara shida ke nan.

Yanzu jikan ma'aikaci ne a ofishin kula da babbar hanyar da ta ratsa gari. A kan hanyar akwai manyan alluna masu wuta da ke gaya wa direbobi minti nawa ya rage su kai wuri kaza. Aikinsa ya shiga farar motar ofis, ya rataya ƙaramin agogo a wuya, ya bi hanyar ya ga ko allon gaskiya ya faɗa. Shi ya sa Kaka ke ce masa Mai Agogo.

Ita kuwa yanar ido ta rufe mata na hagu, na dama ma ya fara hazo. Asibitin ido yana can ƙarshen babbar hanyar. Sau biyu ana ba ta rana don a duba ta a sa ta a layin aiki, sau biyu tana makara, domin duka biyun Mai Agogo ya ce mata ta waya, "Minti goma sha takwas ne, ni na auna da hannuna." Nas ta gaya mata ba da wasa ba: in ta makara na uku, sunanta zai koma ƙarshen takarda, sai baɗi. Yau ce ta ukun, ƙarfe goma.

Tara saura kwata ya turo ƙofa, ya same ta a kujerar bakin falo, takalmi a ƙafa, jaka a cinya.

"...da gajiya? Ina kwana, amaryata? Kai, wannan shiri haka! Gidan wa za ki koma ban sani ba?"

"Lafiya lau, mijin da ba ya zuwa sai an aika masa. Da wace mota ka zo?"

"Da wadda kika ce. Na bar farar ofis mai sanyi, na ɗauko akwalata, don kawai a zauna lafiya."

"Ba a ba ka farar don jigilar tsofaffi ba. Tashi mu tafi."

"Ban ma zauna ba! Shayi fa?"

"Ka sha a gidanku."

"Kaka, tara ma ba ta yi ba. Minti biyar mu hau babbar hanya, sha takwas mu kai gadar asibiti, uku mu shiga ciki. Tara da rabi in muka tashi, har gyangyaɗi sai kin yi a benci."

"Haka ka ce wancan karon. Da wancan."

"Direbobin tasi ne suka cuce ki. Da sun ga tsohuwa sai su yi ta zagaye da ita."

"Duka biyun?"

"Ƙungiya gare su."

"To kai ne shugabansu."

Ya buɗe kwanon da ke kan teburi ya yagi burodi, ya cika baki. "Ni da allon nan, tsohuwa, ko zakara sai ya tambaye mu kafin ya yi cara."

"Kai ɗin? Likita ya ce wa uwarka ranar Talata za ka zo. Muka share ɗaki, muka dafa ruwa, muka zauna. Sai bayan sati uku ka leƙo, kana hamma. Tun a ciki kake ƙaryar lokaci, shi ne aka rasa wanda za a ba agogo sai kai."

"Ke da aka haife ki kafin a ƙirƙiro agogon, me kika sani a kai?"

"Na san ba ya makara sai an rataya shi a wuyan malalaci."

Ta miƙe ta shiga kicin, ta lalubo kwalin ashana a kan kanta ta jefa a jaka.

"Ashana kuma? In sun ƙi duba ki asibitin za ki ƙona?"

"Kai zan fara da shi. Wuce."

Da ja-in-ja da neman makulli a aljihu uku, sai tara da minti biyar suka bar gida. Ƙofar akwalar ba ta buɗuwa sai an ɗaga ta an ja, madubin gefe kuma da igiyar roba aka ɗaure shi. Kaka ta yi bismilla ta zauna a gaba. Idon da ya mutu shi ke wajen direba, don haka in za ta dube shi sai ta juyo da kanta gaba ɗaya. Kuma yau kallonsa take so ta yi. Akwai abin da ta gani a zuwanta na biyu, ba ta gaya wa kowa ba, wata guda yana ci mata rai. Yaron nan ya sani yake mata ƙarya, ko bai sani ba? In ya sani, to makantar ido ƙaramar masifa ce.

Suna hawa babbar hanya allon ya bayyana a sama, lambobinsa ja.

"Karanta mini."

"Gadar asibiti, minti goma sha takwas. Kin ji ko? Ba ni na faɗa ba." Ya danna agogon wuyansa. "Tara da minti goma. In mun wuce tara da ashirin da takwas, ki sake ni."

"Ai ni na daɗe da sakinka, takardar ce ba ka iya karantawa ba."

Ta fito da carbi, ta ɗora babban yatsa a kan maɓallin rigar, ta fara ja. Da yatsan ya zagayo kan maɓallin, sai ta zaro tsinken ashana ɗaya ta ajiye a cinyarta.

"Wannan kuma wane tsafi ne?"

"A'uzubillahi, bakinka ya sari ɗanyen kashi. Zagaye ɗaya minti biyu ne. Lokacin jinyar kakanka likita ya ce in bar minti goma tsakanin magani da magani. Wata bakwai ina yi, ina duba agogon bango: zagaye biyar, minti goma, ba ƙari ba ragi. Allonka ya ce sha takwas, ashana tara ke nan."

"Kina zagina kina istigfari?"

"Saboda zagin naka nake istigfarin. Yatsu na aikinsu, baki na nasa. Dubi hanya."

Hanya kuwa ta buɗe kamar an share musu. Akwalar tana kaɗawa tana gudu, Mai Agogo yana fito. Ashana ɗaya, uku, biyar.

"Kin gani? Wannan shi ake kira ilimi. Na'ura ce a gefen titi take ƙirga motoci, ta aika wa allo, ni kuma in tabbatar. Shekara biyu ina sa hannu. Ranar da zan yi ritaya, hotona za a sa a allon nan."

"A sa mana, mutane su san wanda za su yi wa addu'a."

"Ta alheri."

"Ban ce ba."

A ashana ta shida jajayen fitilun birki suka cika gabansu. Can nesa ga rumfar ƙofofin biyan kuɗin hanya, layin motoci ya miƙe daga gare ta kamar ba shi da ƙarshe. Mai Agogo bai ko rage fito ba, ya karya sitiyari dama, wajen wata siririyar hanya da ba kowa a kanta.

"Ina za ka?"

"Au!" Ya taka birki, ya dawo da motar layi, na bayansa ya danna masa oda. "Na manta ba farar ba ce. Waccan ƙofar ta ma'aikata ce da masu lamba a gilashi."

"Hannunka ya san hanyarsa."

"Sabo ne. Wannan layin kuwa yau ne kawai. Ƙila haɗari aka yi."

"Ƙila. Tambayi maƙwabcinka."

A gefensu wata motar kai burodi ce, direbanta ya kashe inji ya ɗora ƙafa a kan taga yana yanke farce. Mai Agogo ya sauke gilashi da ƙyar.

"Malam, sannu da hanya. Lafiya yau? Me ya faru a gaba?"

"Faru? Yau ai da sauƙi, ɗan'uwa. Baƙo ne kai?"

"Allo fa ya ce minti sha takwas."

Mai burodi ya sauke ƙafarsa. "Allo! Ka san an ce akwai wanda ake biya ya riƙa auna allon nan? Wallahi ina neman mutumin nan. Kanti uku suka daina karɓar burodina saboda shi."

Hannun Mai Agogo ya tafi a hankali ya tura agogon cikin riga. Kaka ta miƙa wuya.

"Bawan Allah, in ka same shi me za ka yi masa?"

"Iya, ɗaure shi zan yi a bayan motar nan, ya bi layin da ƙafa yana ƙirgawa da ƙarfi."

"Allah ya haɗa ku. Yana kusa."

"Kaka!" Ya ɗaga gilashin da sauri har hannun murɗawar ya fita a hannunsa. "So kike ki zama bazawara sau biyu?"

"Na farkon ne ya yi mini zafi."

Motar ta matsa tsawon taku uku ta tsaya. Ashana ta tara ta sauka a cinyarta. Ta ɗaga ta a gaban hancinsa.

"Mun iso. Ina likitan?"

Ashana goma. Sha ɗaya. Sha biyu. Sai ta juyo da kanta gaba ɗaya, ta kafe shi da idon mai gani.

"Ranar da na makara na biyu, a daidai wancan turken fitilar nake, cikin tasi. Na ga farar mota ta bi ta waccan siririyar hanyar, fiu. Mai tuƙin yana da agogo a wuya, da kunnuwa irin na kakanka, yana cin ayaba. Sandar ƙofa ta ɗaga masa kafin ya iso. Bai ko waiwayo ba."

"Ayaba... ranar Laraba ce?"

"Laraba ce."

Ta zuba wa fuskarsa ido. Ta san fuskar yaron nan in yana ƙarya tun yana satar sukari: gira ɗaya ke tashi, baki ya yi ta zuba. Yanzu girar ba ta motsa ba, bakin kuma a buɗe yake ba magana. Ya dubi layin gabansa, ya dubi na madubi, ya dubi siririyar hanyar, inda wata mota mai lamba a gilashi ta wuce ba ta tsaya ba.

"Na'urar," ya ce a hankali, kamar da sitiyari yake magana, "lambar gilashi take karantawa. Motocin da take ƙirgawa duk ta can suke bi. Ni ma ta can nake bi. Ita ta ce sha takwas, ni in ce sha takwas, shugaba ya buga hatimi. Kaka, shekara biyu ban taɓa tsayawa a wurin nan ba."

"Ku biyu kuna shaidar juna."

"Ba wanda ya ce mu bi ta can, wallahi. Sandar ce ke ɗagawa, mu kuma mu wuce."

Zargin da ta yi wata guda tana yi masa ya gushe. Amma ba ta nuna ba, ta ajiye ashana ta sha huɗu.

Ya ciro agogon daga riga ya duba, ya duba na waya. Tara da talatin da takwas, kuma motoci sun fi ashirin a gabansu. Fito ya ƙare. Ya laluba aljihu ya zaro katin aikinsa.

"Mai gadin waccan ƙofar ya san ni. In na nuna masa wannan zai ɗaga mana. Minti shida muna asibiti."

"Mayar da shi."

"Kaka, ba wasa nake ba yanzu. Idonki ne."

"Na san nawa ne, ni nake kwana da shi. In ka fita daga layin nan, gobe za ka ce wa shugabanka an ɗan yi cunkoso amma an wuce. Ba ka san ƙarshensa ba, ba ka da lambar da za ka rubuta. Zauna ka auna. Ba aikinka ke nan ba?"

"In muka makara fa? Shekara guda!"

"Mai burodi wane kati zai nuna? Waccan mai yaro a cinya fa, a tasin gabanmu? Kana jin tarin yaron har nan."

"Ke kam taurin kanki ya fi ƙofar motar nan."

"A wurina ubanka ya gada, ya ba ka ragowar."

Ya jefa katin a gaban mota ya kama sitiyari da hannu biyu. Ita kuwa ta ci gaba da jan carbi. Ta tuna Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe da yanzu sai ta kai shi bakin taga take gane layi. Shekara guda a cikin hazo, in na daman ya jira ke nan. Ta ce a ranta, Ya Allah, kai ka ga dalilina, in wauta ce ka rufa mini asiri. Yatsan dai bai canza gudunsa ba, don in ya canza, awon ya lalace.

"Sha shida."

"Na gani."

"Sha bakwai. Zufa kake yi, maigida. In yi maka fifita?"

"Ki yi mini shiru, shi ne fifita."

"Zakara bai zo tambaya ba har yanzu?"

A ta sha tara suka iso rumfar. Ya buɗe ƙofa ya miƙa kuɗi, sanda ta ɗaga, akwalar ta yi tari ta mutu.

"Innalillahi!"

"Lallaɓa ta. Tsohuwa ce, ba a yi mana tsawa."

Ya murɗa makulli sau biyu, a na uku ta tashi. Madubin gefe yana ta rawa a igiyarsa har suka hau gadar asibiti, ya danna agogo.

"Nawa?" in ji ta.

"Ke fara faɗa."

Ta shafa cinyarta tana ƙirgawa da yatsa. "Ashirin da biyu. Minti arba'in da huɗu."

Ya dubi agogon, ya daɗe yana dubawa. "Arba'in da huɗu da daƙiƙa goma."

"Goman atishawar da na yi ce a wajen turken fitila."

Ko gyara tsayuwar motar bai yi ba a harabar asibiti. Ya fizgi katinta na asibiti ya ruga, ya bar ta tana kokawa da ƙofa, sai da wani mai shara ya zo ya ɗaga mata ita. Ta tattara ashanarta a gefen mayafi ta bi bayansa a hankali, tana lalubar bango. Ta same shi a tagar nas yana haki. Nas ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ta dubi Kaka ta saman tabarau.

"Saura minti biyu. Yau an yi abin kai, Iya. Wa ya kawo ki?"

"Wanda ya makarar da ni sau biyu."

Nas ta ja layi a ƙarƙashin sunanta ta ce su zauna. Suka zauna a benci. Kaka ta ɗora jaka a cinya. Ta ɗaga hannu biyu sama.

"Alhamdulillahi. Alhamdulillahi."

"Da kika samu layi?"

"Da ya tabbata jikana wawa ne, ba maƙaryaci ba. Wata guda ina roƙon Allah ya sa wautar ce."

Ya dube ta, sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya dafe ciki, har nas ta buga teburi. Ya share ido da bayan hannu.

"Na sara miki, tsohuwa. Allo ya yi ƙarya, ni na sa masa hannu. Ba ni ashanar nan."

"Ka ƙona me?"

"Teburin shugaba zan zube su. In ce ga awon gaskiya, ashirin da biyu. Gobe kuma da akwala zan fita aiki, in bi layin kowa, safe da yamma."

"Ka nemi mai burodi ka gaishe shi."

"Sai bayan an gyara allon. Ina son raina."

Ta zare zare ɗaya daga bakin mayafinta, ta ɗaure tsinkayen ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi kyautar girma, ya sa a aljihun gaba.

"Ni kuma sabon carbi zan saya miki. Mai ƙyalli, cikakke, ba mai maɓallin riga ba."

"Ka saya wa motarka ƙofa. Tafi ka kira shugaban naka kafin zafin ya huce, na san halinka."

Ya tashi ya nufi baranda da waya a kunne, wuyan rigarsa a buɗe kamar kullum. Kaka ta bi shi da idon mai gani har ya zama inuwa a cikin hasken ƙofa. Ta koma kan carbinta, yanzu ba awo, ja kawai take. Yatsan ya zagayo ya tsaya a kan maɓallin. Ranar da ya ɗaure shi, yana durƙushe da ƙurar ƙarƙashin gado a gwiwarsa, abu ɗaya ya roƙe ta, kuma ba da zolaya ya faɗa ba:

"Kaka, duk sanda yatsanki ya zo kan nawa, ki ce Allah ya shirye ni."